Azumin da Muka Daka Irinmu

Bana azumi ya sake zagayowa ya faɗo bakin bazara, ga shi kuma ya haɗu da zaɓe. Shekaranjiya da la'asar ina zaune a inuwar katanga ina tsinkar zogale, leɓena duk ya bushe, rediyo tana ta jero sunayen waɗanda suka shiga majalisa da waɗanda suka fita. Wane ya hau, wane ya sauka, wane da ya sauka wancan karon ya sake dawowa. Matan gidan nan ko kai ba su ɗaga ba, ɗaya ma cewa ta yi a rage muryar, kanta na ciwo. Na dube su na ce lalle kun huta. Ni na ga ranar da aka fara faɗin irin wannan magana a Matameye, kuma a kan gidanmu ta faɗo, saura kaɗan ta tashe mu daga garin nan gaba ɗaya.

A gidan ɗan majalisa aka kawo ni. Surukina ne, uban maigidana. Sunansa ba zai fito daga bakina ba ko yanzu da yake ƙasa. Mu Baba muke ce masa, mutanen gari kuma Mushe, yadda ake kiran malaman boko a nan, don malamin lakwal ne, makarantar boko, kafin a kai shi Yamai. Lokacin da aka fara zaɓensa manyan gari da masu takarda ne kawai suka yi abinsu, talaka bai ma san an yi ba. Sai dai aka wayi gari aka ce Mushe zai zauna a kujera, ɗaki ɗaya da Nasara, ya faɗi magana a rubuta. To mu me muka sani ban da sarauta? Makaɗa suka zo, aka yanka sa, wani dattijo ya kama shi a zaure ya naɗa masa rawani, Baba yana ta cewa a bari, ba a bari ba. Tun daga nan kowace damina gari yake yi masa gayya a gonakinsa uku. Ya sha faɗa cewa kujerar nan aro ce, shekarunta ƙidayayyu ne. Sai a yi dariya a ce kai, Mushe akwai kunya.

Gidan kuwa a hannun Iya yake, mahaifiyar Baba. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce, ƙashi da fata, amma in ta yi gyaran murya a ɗakinta har kajin gidan sai sun nutsu. 'Yar wajen Kurni ce, ubanta mai gari ne a wani ƙauye can. Tana budurwa aka aiko daga bariki aka ce ana kiransa, don ya kasa cika yawan mazajen da aka nema na aikin hanya. Ya sa rigarsa mai kyau ya tafi. Bayan 'yan kwanaki aka zo da sabon mai gari, aka ba iyalin tsohon yini ɗaya su fita. Gonaki suka koma hannun sabon, rumbuna ma haka. Uban nata can ya mutu inda aka kai shi, har Iya ta tsufa ba ta san inda kabarinsa yake ba. Don haka a saninta ƙofa biyu ce ake fita daga sarauta, ko a ɗauke ka a makara, ko a tuɓe ka a kore ka. Ba ita kaɗai ba ce, duk tsofaffin garin haka suka sani.

Shekarun kuma ba masu daɗi ba ne. Damina uku ko huɗu kafin nan an yi wani ruwa da ya fi ƙarfin ƙasa, gero ya tsaya cikin ruwa har ya ruɓe a tsaye. Tun daga wannan yunwar rumbunan garin ba su sake cika ba. Mun ci garin rogo da ake shigo da shi daga kudu har cikinmu ya ƙi shi. A shekarar da nake faɗa, tun kafin zafi ya kankama in na shiga rumbu ɗiban hatsi ƙafata kan taɓa daɓe. Abin da ya rage mai kyan gani shi ne iri, dami shida, waɗanda Baba da kansa ya zaɓa tun a gona, zangarniya manya-manya masu cikakken ido, aka rataye su can sama a ƙarƙashin jinkar rumbu. Ko yunwa za ta kashe mutum ba ya ɗaga ido ya kalli wannan wurin, don a irin shekarar nan wanda ya rasa irinsa ba shi da inda zai samo wani.

Ana saura kwana ɗaya ko biyu a ga wata aka ce kowa ya fito ƙuri'a, har mata. Ikon Allah! Ni da Inna, matar Baba, muka yafa mayafi muka bi layi a filin lakwal, ina goye da 'yata Sa'a, rana tana dukan ƙeyarmu. Aka miƙo mana 'yan takardu masu launi daban-daban, muka ɗauki wadda aka nuna mana tun a gida, muka sa a ambulan muka jefa a akwati. Wallahi ni na ɗauka gaisuwa ce ake aika wa Baba ta takarda, irin ta ranar Sallah. Ban san cewa a cikin akwatin nan ana iya ɗauke mutum daga kujera ba. Washegari Baba ya hau kamiyo, babbar motar kaya, ya tafi Damagaram jin sakamako. Maigidana kuwa yana Kano cin rani tun bayan girbi. Gidan ya zama daga mu mata sai yara, muka ɗauki azumi.

Wannan azumin, ko maƙiyina ban yi masa fatansa ba. Tun hantsi ƙasa take ɗaukar wuta, in ka taka ba takalmi sai ka yi rawar da ba ka shirya ba. Iska in ta kaɗo ba sanyi take kawowa ba, kamar an buɗe maka bakin murhu. Da sassafe muke zuwa rijiya, ni da maƙwabta, igiya tana ƙara tsawo kullum, guga yana fitowa rabi ruwa rabi laka. Mu dawo mu cika randa, mu jiƙa tsumma mu naɗe ta. Daga azahar gari yakan mutu. Ba kukan jaki, ba muryar mai talla, awaki sun laɓe a gindin gawo suna haki. Nakan jiƙa zane in rufa wa Sa'a, kafin in juya ya bushe. La'asar in ta yi sai a ji tabare sun fara tashi gida-gida, a hankali, don ba mai ƙarfin ɗagawa sama. Shan ruwanmu kunun tsamiya ne mai ruwa-ruwa, wanda kana iya ganin gindin ludayi ta cikinsa, sai ɗan kwaɗon busasshen zogale ko rama. Tuwo sai bayan kwana biyu. Iya duk tsufanta ba ta sha ko ɗaya ba, in an ce ta huta sai ta ce da wa za a yi wannan rainin.

Ran biyar ga wata labari ya iso. Direban kamiyon Damagaram ne ya tsaya a ƙofar gida, ya ƙi shigowa, ya ce a kira Inna. Ya ce an ƙidaya, Mushe bai samu ba, Lokotoro ne ya hau. Lokotoro kuwa kowa ya san shi, shi ke yi mana allura a ɗakin magani, kuma Baba ne ya koya masa karatu yana ɗan ƙarami. Inna ta ce to shi Mushen yana ina? Direba ya ce ya wuce Yamai, ya ce a gaida Iya, a ce mata an kira shi ne, zai dawo.

Iya tana bakin ɗakinta a kan buzu, ta ji komai. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi salati da ƙarfi ba. Ta dai ajiye carbinta ta ce, "An kira shi." Sai ta sake cewa, "Haka aka kira wancan."

Abin da ya biyo baya shi ya ƙara ba ta gaskiya. Zauren da ba ya rabuwa da takalman baƙi ya zama wayam. Matan da ke shigowa aron rariya da ɗiban wuta suka ɗauke ƙafa. A rijiya in na iso sai hira ta tsaya, a gaishe ni ƙasa-ƙasa irin gaisuwar mutuwa. Ba mugunta ba ce, su ma tsoro suke ji, don a saninsu wanda ya raɓi gidan tuɓaɓɓe sabon yana ganinsa. Wata tsohuwa ta ja ni gefe ta ce, "Laure, yaushe aka ba ku?" Na ce aka ba mu me? Ta ce, "Wa'adin tashi mana." Na dawo gida tulu yana rawa a kaina.

Iya ta yanke magana, ba za a fitar da ita da rana tsaka gari na kallo sau biyu a rayuwarta ba. Washegarin Sallah za mu tashi da ƙafarmu, mu bi ta Ɗan Barto mu tsallaka iyaka, wajen dangin Inna a ƙasar Daura. Aka aika wa maigidana saƙo ta bakin wani fatake, saƙon da bai taɓa isa ba. Aka kai awaki kasuwa. Aka fara ɗaure tukwane da ƙore a cikin raga. Sannan ta kira ni ta ce, "Ke Laure, hau rumbu ki sauko da irin nan. Mai tashi ba ya shuka. Ba zan bar wa wani ya shuka zaɓin ɗana a gonar ɗana ba. Guzuri za a yi da shi."

Na dubi Inna, ta sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan zanenta. Ita ma suruka ce, me za ta ce? Na hau rumbu na sauko da dami shida ɗaya bayan ɗaya, suna ƙamshin bara.

Amma ni ma 'yar manoma ce, na san abu ɗaya. Sussuka ba ta kashe iri. In ka sussuke zangarniya ka sheƙe, ƙwayar tana nan da ranta, gobe ka shuka ta fito. Surfe shi ne mutuwarta, da zarar an yayyafa ruwa an sa taɓarya dusa ta fita, shi ke nan, ta zama abinci. Sai na kama sussuka a hankali, dami ɗaya a yini, wani dami ma na raba shi kwana biyu. In ce iska ba ta kaɗa ba, ba a iya shiƙa. In ce Sa'a ta hana ni. In ce azumi ya kayar da ni, wannan kuwa ba ƙarya ba ce duka. Kullum kunnena yana hanyar Damagaram, ko zan ji kukan kamiyo. Iya tana kallona daga kan buzunta, ta san sarai abin da nake yi, ta ƙyale ni. Na ci kwana tara da wannan dabara. Ƙwayar ta cika masaki huɗu, na rufe su da faifai na jera a ɗakin Inna.

Sai ga Lokotoro da kansa. Da la'asar ya yi sallama, ya tuɓe takalmi tun daga zaure, ya shigo da goro da sukari a ƙunshe, ya durƙusa nesa da buzun Iya.

"Iya, barka da azumi. Na ji an ce ana ɗaure kaya a gidan nan, shi ne na ce ba zan tafi Yamai ba sai na zo da kaina. Don Allah a kwance. Ba wanda ya tuɓe Mushe. Wa'adinsa ne ya cika, jama'a suka sake zaɓe. Ni ma ranata tana zuwa."

Iya ta ce, "Allah ya ja zamaninka."

"Haba Iya, ni ne fa, ɗanku. A gidan nan na ci tuwo."

"Na gane ka. Ina ɗana?"

"Yana Yamai, yana mai da musu takardunsu. Zai dawo ya koma lakwal, ko ya yi nomansa."

"A wace gona?"

"A gonarsa mana, Iya."

Ta yi wani ɗan murmushi wanda ban so ba. Shi kuwa bawan Allah ya share gumi, ya ɗaga kai yana kallon sama, idonsa ya sauka a kan rumbu. Ni na san ba komai ya gani ba, inda ido ya faɗa ne kawai. Yana fita Iya ta ce, "Kun gani? Ya zo ya auna gidan. Wanda ya gaji ubana ma sai da ya zo ya gaishe mu." Goron da sukarin ta sa aka ba maƙwabta. Ta juyo gare ni ta ce gobe da safe a fara surfe.

Na surfa masaki na farko ina kuka a ɓoye. Na wanke, na shanya, na daka, na tankaɗe, aka soya garin sama-sama don kada ya lalace a hanya, aka ɗura a jakar fata. Bayan kwana biyu na yi na biyu. Irin nan fari tas yake fitowa, ban taɓa ganin gari mai kyansa ba, kuma kyan nasa shi ya fi ƙona mini rai. Aka zo kan na uku. Na zuba a turmi, na ɗauki taɓarya, na ajiye. Na je na durƙusa gaban Iya na ce, "Iya, ku yi mini aikin gafara, hannuna ya ƙi. Ku bari mu ga Baba tukuna."

Na zaci za ta zage ni har kakannina. Ta dafa bango ta miƙe, ta ɗaura zanenta a ƙirji, ta taka zuwa turmi a cikin ranar nan ta azahar, da azumi a bakinta. Ta yayyafa ruwa, ta ɗaga taɓaryar da ta fi ta tsawo. Tim. Ta huta. Tim. Jijiyoyin wuyanta duk suka tashi, ƙafafunta suna karkarwa, amma taɓaryar ba ta kauce ko sau ɗaya ba. Ban taɓa ganin tsoro da ƙarfin hali sun haɗu a jikin mutum ɗaya haka ba, kuma har yau ban sake gani ba. A bugu na bakwai ko na takwas ta yi tangaɗi. Na ruga na riƙe ta, na karɓe taɓaryar na ce, "Ku zauna, Iya, ni zan yi." Na kuwa yi, na gama shi tas. Na huɗun ma na ɗebi rabinsa washegari.

Ran ashirin da shida ga wata, rana tana tsaka, na ji sallama a zaure da muryar da na sani. Baba ne. Ya shigo da akwatin ƙarfe a kafaɗarsa, shi da kansa, ba mai ɗaukar masa, ya rame, rigarsa ta yi ja da ƙasar hanya, yana fara'a kamar wanda ya dawo daga kasuwa. "Ina mutanen gidan? Kai, wannan zafi na Matameye, har na yi kewarsa!" Sai ya ga ragar tukwane. Ya ga turken awaki ba akuya. Ya sauke akwatin a hankali.

Iya ta fito tana dafa bango. Ba ta amsa gaisuwarsa ba. Ta kama hannuwansa biyu ta ture hannun riga, tana shafa wuyan hannun, tana juyawa, tana neman sawun igiya. Ta sa ya juya ta ɗaga rigar ta duba bayansa, shi da furfurarsa, a gabanmu. Ni dai na sunkuyar da kai.

"Gudowa ka yi?"

"Wace irin gudowa, Iya? Sallama muka yi. Na ba su mabuɗin ɗakinsu, muka yi hannu."

"Su wa suka rako ka?"

"Ni kaɗai."

"Kwana nawa suka ba ka?"

"Iya, ba wanda ya ba ni kwana. Gida na dawo. Ai na sha gaya muku."

Ta tsaya tana kallonsa. Can ta ce, "Mutum ya sauka, ya dawo gidansa da ƙafarsa?" Ya ce ƙwarai. Ta ce, "La'ilaha illallahu." Ni ma a zuciyata abin da nake faɗa ke nan. Na ga an haifi mutum, na ga an binne mutum, amma ban taɓa ganin wanda ya bar mulki ya shigo gida yana tambayar ko akwai ruwan alwala ba.

Yana alwalar ne idonsa ya kai kan jakunkunan gari. Ya dubi rumbu, ya ga jinkar a karkace. Ya ce, "Laure, ina irin?" Iya ta ce, "Ni na sa." Inna ta shiga ɗaki ta fito da rabin masakin da ya rage ta ajiye a gabansa. Mutumin da ya rasa kujerar Yamai ya shigo yana dariya, sai ga shi ya zauna daɓas a ƙasa mai zafi, ya sa hannu a cikin ƙwayar yana juyawa, hawaye suna bin gemunsa. Bai ɗaga wa uwarsa murya ba. Abin da ya ce kawai shi ne, "Wannan ko rabin ƙaramar gonar ba zai rufe ba." Ran nan da garin irinmu aka dama kunun shan ruwa, mai kauri, irin wanda rabonmu da shi tun kaka, kuma ba wanda ya iya shanye ludayi uku.

An kwance tukwane, amma zaman bai tabbata ba, don gidan da bai yi shuka ba yunwa za ta tashe shi ko ba a kore shi ba. Bayan Sallah da kwana biyu Baba ya rataya jaka a kafaɗa, ya ɗauki sanda, ya fita roƙon iri. Inna ta ce haba Malam, kai da ka zauna da Nasara? Ya ce Nasara ba ya shuka gero. Ya fara da unguwarmu, gida-gida. Mutanen da suka ɗauke ƙafa kunya ta kama su, wasu har da kuka, kowa ya shiga ya ɗebo daga ɗan abin da ya ɓoye, wani tafi ɗaya, wani ludayi. Ya je har gidan Lokotoro, uwar Lokotoro ta fito ta durƙusa ta juye masa ƙwarya guda. Ya taka zuwa Dawce, ya kwana biyu a wajen Kurni, ya dawo ƙafafunsa sun tsage. Duk abin da aka ba shi a jaka ɗaya yake zubawa, ba ya warewa.

Sai jira. Gajimare ya taru a gabas ya watse, ya sake taruwa ya watse, zafi ya ƙara nauyi har numfashi yana wuya. Maigidana ya dawo daga Kano, ya ji labari ya riƙe baki. Ran da ruwan ya zo kuwa da hantsi ya zo, gari ya yi duhu, iska ta kwashe faifayi da tsummoki ta yi sama da su, sannan aka saki ruwa kamar da bakin ƙwarya. Ƙamshin ƙasar nan ya shigo har cikin ɗaki. Ba mu jira ya gama ɗaukewa ba. Baba da ɗansa suna gaba da sungumi suna sara, ni da Inna muna baya muna jefa ƙwaya muna rufewa da diddige, laka tana cin ƙafarmu, muna ƙidaya kowane tsunkule kada a yi ɓarna. Ba makaɗa bana, ba gayyar gari. Maƙwabta biyar ne suka zo da kansu bayan sun gama nasu. Irin ya rufe gona biyu da ɗan gefen ta uku.

Ba na cewa Iya wauta ta yi. Lokotoro bai cika shekara biyu a kujerar ba aka rushe majalisar, wani ya hau, shi kuwa da ƙyar ya tsallaka iyaka, ya daɗe bai ga Matameye ba. Bayansa na ga waɗanda suka sauka lafiya, na ga waɗanda aka ɗaure, na ga shekarun da aka kulle ɗakin majalisar gaba ɗaya. Amma ni na farko da na gani da idona ya dawo gida ne, kuma wannan ba mai goge mini shi.

Geron da ya fito a wannan damina ba a taɓa ganin irinsa ba. Na gida arba'in ne ko fiye a gona ɗaya. Wani dogo ya fi mutum a kan jaki, wani gajere iya ƙugu. Wani ya fid da kai tun ana noma na biyu, wani sai da maƙwabtansa suka bushe. Ga mai gashi, ga mai baƙin ido, ga fari. Masu wucewa kan tsaya a bakin hanya su riƙe haɓa. Girbinsa ya ba mu wuya, sau uku muna komawa, amma ya yi, rumbu ya kai rabi.

Ran da aka ɗaure damin ƙarshe Iya ta ce a kai ta gona. Duk daminar ba ta fita ba, kullum tana bakin ɗaki fuskarta a zaure. Aka ɗora ta a jaki, na riƙe ta har can, aka zaunar da ita a gindin gawo. Ta daɗe tana kallon damunan da aka jera. Sannan ta kira Baba.

"Wa zai zo ya ɗauka?"

"Mu za mu ɗauka, Iya."

"Zuwa wane rumbu?"

"Namu."

Ta gyaɗa kai. Sai ta sa hannu a cikin zanenta, ta kwanto wani ƙunshi da ke ɗaure a ƙugunta, ya yi baƙi da gumi, ta miƙo mini. Na buɗe gefensa, na ga farin sawaye a naɗe, da ɗan turare a ƙulle. Likkafaninta ne. Ashe tun ranar da direban nan ya tsaya a ƙofa ta ɗaura shi a jikinta, da shi take kwana, da shi take tashi, wata shida, don kada a fitar da ita ba shiri ta mutu a hanya a rufe ta da tsumma.

Ta ce, "Laure, in mun koma ki sa mini shi a ƙasan adudu. Ashe a nan za ku rufe ni."

A nan muka rufe ta, bayan damina biyu, kuma kowa a gidan nan ya san inda kabarinta yake.